Ajin Aro a Tarauni

Mun tashi da asuba daga garinmu mu uku, dukanmu tsofaffin malaman yaƙi da jahilci da aka ɗora wa kula da sababbin malamai masu koyon aiki. Tawa ɗalibar Malama Rabi ce, tana koya wa matan aure karatu a Tarauni. Sai na ga darasinta da idona na sa hannu kafin a tabbatar mata da ajin. Wata biyar ta yi tana bi gida-gida tana roƙon magidanta su bar matansu su fito.

Sojoji sun koma bariki, amma ramukan hanya suna nan inda suka bar su. Direba ya ƙara mana naira biyar, ya ce ai yanzu mulkin farar hula ne, kowa da 'yancinsa. Daga Hotoro muka fara ganin hotunan 'yan takara a bango, ruwan sama ya cinye musu fuska.

A Gyadi-Gyadi muka sauka don karɓar takardar da za mu cike. Mai ba da ita ya tafi yi wa sabon ciyaman murna. Muka sha koko da ƙosai a bakin titi, muka zauna a benci har azahar kafin ya dawo yana sakace. Abokan tafiyata suka nufi Unguwar Gano da Babban Giji, ni na hau acaɓa.

Bayan la'asar ake ajin, a wata firamare. Shugaban cibiyar karatun, wani Alhaji mai yawan fara'a, ya tarbe ni da lemo da tsire. Aji ya cika maƙil, kowa cikin atamfar fita unguwa. Rabi ta fara rubutu a allo. Kafin ta gama rubuta "kasuwa" har an karanta. Na ƙara duban matan da kyau. Na tsufa a wannan aiki, na san macen da ta yi wata biyar a aji tana riƙe fensir kamar muciya, tana bin harafi da yatsa. Waɗannan har hamma suke yi.

Na kira Rabi waje. "Malama, ina ɗalibanki?"

Ta sunkuyar da kai. "Baba Malam, Alhaji ne ya ce kada su zo yau, wai kada su ba cibiya kunya gaban baƙo. Waɗannan maƙwabtansa ne, wasu ma malaman firamare ne. Ɗalibata Inna Tabawa kwana uku tana gwada rubuta sunanta don ta nuna maka. Ɗazu ta aiko min da littafinta, ta ce tunda ita abar ɓoyewa ce, gara ta zauna a ɗakinta. Yawancinsu haka suka ce."

Na yi wa Alhaji magana, ya buɗe ido da mamaki. "Haba Malam, ai karrama ka muka yi!" Ba da mugunta ya yi ba, kuma wannan ya fi ɓata min rai.

Muka je gidan Inna Tabawa. Gidan ba shiga ne, na tsaya a zaure, Rabi ta shiga da littafin. Ta daɗe. Ta fito ita kaɗai, idonta ja, littafin na hannunta, Inna ta ƙi karɓa.

Na sa mata hannu, don na san wahalar da ta sha, amma darasin da na shaida ƙarya ne. A mota abokan tafiyata suna ta yabon azuzuwan da suka gani, wai ko'ina cike, mata na karatu kamar ruwa.

Bayan magariba na iso gida, na kasa cin tuwo. Abin da tafiyar ta koya min mai ɗaci ne: muddin ana jiran mai kula da ɗalibi kamar ana jiran alƙali, ba zai taɓa ganin aji na gaskiya ba. An tura ni in taimaki Rabi ta riƙe ajinta. Da ban je ba, da gobe matan nan suna kan benci.