Sitaci a Maganin Kaka

Duk lokacin da na ji ƙanshin sitaci an kwara masa ruwan zafi, sai hankalina ya koma daminar da kakarmu ta kwanta da zazzaɓi a gidanmu na Samaru. Shekarata tara a lokacin. Ban iya zama wuri ɗaya ba, bakina kuma ya fi ƙafata sauri.

Babanmu mai haɗa magani ne a wani kanti a Sabon Gari. Wata Asabar ya goya ni a keke muka tafi, na tsaya ina leƙen ɗan turminsa na tangaran. Ya auna garin kwinin, maganin zazzaɓin kaka, a hankali, ya zuba sitaci a kai, ya ɗiga ruwan ƙaro, ya murza, ya yanka ƙwayoyi. Ashe sitaci kaka take haɗiya.

Muna isa gida na raɗa mata. Ta tura ƙwayoyin ƙarƙashin tabarma, ta ce, "Ni riga ce da za a sa mini sitaci?"

Kwana biyu ba ta sha ba. Jikinta ya ɗau zafi, haƙoranta na kaɗawa, ruwa na dukan kwanon rufi ba sassauci. Ni kuwa daga zaure zuwa ɗakinta, daga ɗakinta zuwa bakin rijiya. Rana ta uku na faɗa wa Baba abin da na yi.

Bai dake ni ba. Ya koma Sabon Gari cikin ruwan nan, ya dawo da ma'auninsa a aljihu, ya durƙusa gabanta, ya auna ɗan garin kwinin.

"Inna, dubi nan. Iyakar abin da jikinki ke buƙata ke nan, in ya wuce haka kunnuwanki su toshe. Shi sitacin ba ya warkarwa, riƙe maganin yake yi har ya isa cikinki."

Ta miƙa hannu ta karɓi maganin. Sai bayan mako guda ta tashi zaune ta nemi koko. Har ta rasu ba ta tada mini maganar ba.

Yau na kai shekarunta. Ƙwayoyina a liƙe suke zuwa daga ƙasar da ban sani ba, babu mai durƙusawa ya auna a gabana. Ina sha dai, amma jikata ta sani, sai ta karanta mini takardar kwalin tun daga sama har ƙasa.