Ƙibar Hajiya da dutsen Kpalimé

Bari in fara da tona wa kaina asiri. Wata takwas ina yawo cikin Zongon Lomé ina gaya wa mutane hawan jini ke damun matata. Likita ya ce "dépression", ni kuwa da bokona ya tsaya a aji biyu, kunnena ya jiyo "tension". Har gishiri na hana a sa a miya. Da ta fara shan ƙwayoyin da likita ya ba ta ta yi ƙiba, sai murna ta kama ni, don a wurinmu wanda ya murje ai hankalinsa ne ya kwanta. Kowace baƙuwa ta shigo sai ta ce, "Hajiya, an samu hutu," ni ina gefe ina washe baki kamar ni na ƙera kumatun.

Asabar ɗin da ta wuce, muna idar da sallar asuba muka kama hanya, ni da Hajiya da ɗiyarmu ta biyu. Ita ta shirya tafiyar, wai mu kai uwarta Kpalimé wurin ƙanwar Hajiyar ta sha iska. A tasha na ƙara wata wautar. Na ɗaga murya na ce wa direba ya ba Hajiya wurin mutum biyu, zan biya. Mutane suka yi dariya. Ita dai ta ja mayafi ta juya fuska wajen taga.

Hanyar ba laifi. Bayan Noépé gari ya waye sosai, gonakin rogo da masara sun yi kore shar. A Assahoun direba ya tsaya shan mai, mata suka yanyame motar da ayaba da soyayyar doya. Na sauka zan saya, ɗiyata ta biyo ni ta ja ni bayan mota. Nan ta gaya mini ciwon uwarta ba na jini ba ne, ciwon damuwa ne, na zuciya da tunani. Ta ce kwana goma sha biyu ke nan Hajiya ta daina shan maganin a ɓoye, saboda rigunanta sun ƙi shiga, gwiwa na yi mata ciwo a sujada, barkar da ake yi mata kuma kamar zagi take jin ta. Barci ya sake gudu, jiri ya fara.

"Baba, in ta koma yadda take bara, ban san ko za mu same ta ba."

Na koma mota da doyar a hannu, ban iya ci ba.

Kpalimé gari ne mai sanyi, duwatsu kewaye da shi, piya da abarba arha kamar kyauta. Ƙanwar Hajiya ta daka mana fufu da miyar kifi. Washegari da safe muka hau dutsen da ke bayan unguwarsu, ni da Hajiya mu biyu, a hankali. Na yi alkawarin zan riƙe ta in ta gaji. Kafin rabin hanya ni ne ke haki kamar tsohon babur.

Muka zauna kan wani falalen dutse. Ba tare da ta dube ni ba ta fara magana. Ta ce tun rasuwar mahaifiyarta take farkawa da nauyi a ƙirji, maganin ya ɗauke nauyin, amma in ta duba madubi ba ta gane matar da ke ciki. Ta ce ta rasa wanne za ta zaɓa, jikinta ko hankalinta. Ta yi kuka. Ina da barkwanci har uku a baki, amma numfashi bai bar ni na furta ko ɗaya ba. Haka ta yi ta faɗa har rana ta ɗaga.

Da muka sauko, ita da kanta ta ce wa ɗiyarmu ta kira likita. Ya ce kada ta yi komai da ka, ta zo Litinin.

Mun iso Lomé Lahadi da la'asar. Litinin na bi su asibiti, karon farko tun ranar da na jiyo "tension". Likita ya ce ba sai ta zaɓa ba: zai sauya mata wani maganin ya ga yadda jikinta zai karɓa, ta riƙa tafiyar ƙasa kowace safiya, a rage soye-soye, ta riƙa zuwa hira da wata ma'aikaciyarsu, addu'a kuma ta ci gaba, ba ta gaba da ƙwaya. Yanzu kullum muna takawa wajen kasuwar Assiyéyé kafin ta cika.

Abin da na koyo shi ne, kumatu ba sa ba da labarin zuciya, kuma kalmar da ban gane ba gara in tambaya.

Jiya muna dawowa ta ce, "Malam, shekara talatin da huɗu muna tare, sai a kan dutsen nan na san kana iya yin shiru ka saurari mutum."