Shayin Minti na Saba'in

Na Allah muke, kuma gare Shi dukkanmu za mu tattara mu koma. Ranar Litinin, 12 ga Mayu, daidai da 14 ga Zulƙi'ida, da misalin ƙarfe goma na safe, Allah Ya karɓi ran Baffa Shihata Abdul-Gawwad, mai shayin ƙofar filin ƙwallon garinmu Kafr Bahlul, yana da shekara sittin da takwas. A cikin rumfarsa ya cika, zaune a kan kujera, yana goge kofuna. Bayan la'asar aka yi masa salla, aka kai shi maƙabartar bakin ƙorama.

Ƙungiyar magoya baya ce ta ce in rubuta wani abu a kansa, wai ni ne mai littafi. Gaskiya ne, shekara goma sha tara ke nan ina rubuta abin da ya faru a kowace rana, har da sakamakon kowane wasa da sunan wanda ya ci ƙwallo. Amma rubuta sakamako daban, rubuta mutum daban. Sau huɗu ina farawa ina yagewa. Wannan ne na biyar, kuma yau Laraba ce, saura kwana biyu Juma'a. Ka yafe mini, Baffa, idan tsoron Juma'ar nan ya fi yabonka yawa a cikin takardar.

Ka fi kowa sanin ciwonmu. A cikin shekara goma sha ɗaya, sau bakwai Taurarin Kafr Bahlul suna gama kakar wasa a saman rukuninsu, wata shekarar ma ba a ci mu ko sau ɗaya ba tun daga kaka har bazara. Sai a zo wasannin hawa babban aji, gida da waje, da zakaran wani rukunin, sai ƙafafun yaranmu su mutu. Sau bakwai muka je, sau bakwai aka dawo da mu. Kuma da yake mu ne masu yawan maki, kullum wasan ƙarshe a filinmu ake yinsa, a gaban idonmu. Wanda ƙungiyarsa ta saba shan kashi ba zai gane wannan ba. Shi tun a watan farko yake haƙura. Mu wata takwas ake ɗaga mu sama, sannan a sake mu a yammaci ɗaya.

A faɗuwa ta farko na san ka sosai. Ina da shekara talatin lokacin, ina aikin da nake yi har yanzu na malamin sito a injin cashe shinkafa. Da aka busa tashi, mun fi ɗari uku muka taru a bakin ƙofar ƙarfen nan, wadda ita kaɗai ce hanyar fitar 'yan wasa. Ban san lokacin da na sunkuya ba, sai dai na ga dutse a hannuna na dama, littafina a na hagu. Ni da ko kaza ban taɓa jifa ba. Sai ga ka a gabana da faranti.

"Ustaz Nagi, riƙe min wannan, don Allah. Na cika shi da yawa, kar ya zube."

Kofin gilashi ne marar mariƙi, cike har baki, yana tururi. Na saki dutsen na karɓa. Zafi ya hana ni riƙe shi sai ta bakin sama, da yatsu biyu. Kafin in yi magana ka wuce gaba, kana cewa, "Kofina nake so, kar kowa ya tafi min da shi, ku sha a nan." Muna tsaye muna hura shayi, muna zagin alƙalin wasa, 'yan wasa suka fice ɗaya bayan ɗaya ta gefenmu, kawunansu a ƙasa. Ko tsakuwa ba ta tashi ba.

A ranar na rubuta cewa kai mutum ne mai kyauta. Sai a faɗuwa ta uku na gane aikin da kake yi, don na tsaya na lura. A minti na saba'in kake barin wurin zamanka, ko ana cinmu ko muna ci, ka je ka kunna risho huɗu. Ba ka zuba shayin a kofin roba ko na takarda, sai na gilashi, don mutum ya san sai ya tsaya ya mayar. Kana cika shi har baki. Ba ka farawa da dattawa kamar yadda aka saba, da wanda ya fi kowa ihu kake farawa. Kuma ba ka taɓa ce wa kowa ya yi haƙuri ba. Kai ma zagin alƙalin kake yi, har ka fi mu iyawa.

Abin da wannan ya ci maka, ba kowa ne ya lissafa ba. Kai da ba ka taɓa rasa wasan rukuni ba, ba ka ga ƙarshen wasan hawa ko guda ba. Sannan bakin mutane. Da zarar ka miƙe, sai wani ya kwarma ihu daga sama, "Jama'a, Baffa ya tafi ɗora ruwa, an gama da mu!" Suka sa maka suna mai shayin faɗuwa. A karo na biyar muna gaba da ci biyu ka tashi, kafin ruwanka ya tafasa aka farke duka biyun, aka fitar da mu a bugun fenareti. Garin nan ya ce kai ne mai ƙashin tsiya, ka dafa faɗuwar kafin ta zo. Wata guda rumfarka ba kowa. Ni ma na ƙaurace maka, kwana tara, yana nan a rubuce da hannuna. Na san dalilinka sarai, amma na ji tsoron a gan ni a bencinka. Ranar da na dawo ina ta shirya abin da zan ce, sai ka ɗago ka dube ni.

"A'a, Ustaz! Shayinka ya huce fa, kwana tara yana jiranka. Zauna in sake maka."

Ba ka ƙara ko kalma a kai ba, har ka bar duniya.

Sau ɗaya ne ba ka nan. A karo na huɗu, ɗanka Ramzi ya biya maka Umra, ka tafi kana tambayar kowa ko tafiyar za ta ci ranar wasa. Ta ci. A ranar ne dutse ya sami Atif, mai tsaron bayanmu, a idon hagu. Ina wurin, taku goma tsakanina da shi. Har yau idan na rufe ido ina jin ƙarar, ba ta da ƙarfi, kamar an fasa ƙwai. Atif bai sake buga ƙwallo ba, aka rufe filin shekara guda, kuma har yanzu ba a san hannun da ya yi jifan ba, ko kuma kowa ya sani. Da ka dawo, kafin ka shiga gidanka sai da ka je gidan su Atif. Tun daga nan kowace Juma'a kana kai masa ziyara da ƙullin na'ana'a, kuma ba ka sake barin gari a watan Mayu ba.

Bana ne karo na takwas. Juma'ar da ta wuce an ci mu ɗaya a waje. Ƙwallo ce marar ƙarfi, ta sulale ta tsakanin hannayen mai tsaron gidanmu Wa'il, ɗan tela Murkus, wanda ya riƙe mu wasa goma sha huɗu bana ba a zura masa ba. Duk an manta da wannan. Jibi za a yi na gida.

Ranar Lahadi na same ka kana fito da akwatunan kofuna. Ka ce in ƙirga maka, na ƙirga ɗari biyu da goma sha huɗu. Sannan ka dafa gwiwa.

"Ƙafafun nan sun fara yi min gardama. Juma'a ni zan zuba, kai ka ɗauki faranti."

Na ce, "Baffa, ni fa ko 'yata Salwa ba ta jin tsoron muryata."

"To wa ya ce ka tsorata su? Miƙa musu kawai za ka yi. Ka fara da Subhi mahauci, cokali uku na sukari."

Na ce zan yi tunani. Wannan ita ce magana ta ƙarshe da ka ji daga bakina. Na duba littafin sau da yawa ko na ƙara wani abu mai daɗi bayanta, ban ƙara ba.

A rumfar zaman makokinka jiya na ga abin da ya hana ni cin abinci. Wa'il ya zo gaisuwa shi da mahaifinsa. Ba wanda ya matsa musu, suka zauna can ƙarshen layi. Da mai karatu ya tsagaita, sai Subhi ya ce, yadda kowa zai ji, "Hannun da ya kasa kama ƙwallo ne aka kawo mana mu kama? Jibi in ya sake, to babu mai shayi." Wasu samari suka yi dariya. Irin dariyar ce na ji a bakin ƙofa shekarar Atif. Wa'il ya sunkuyar da kai yana kallon tafin hannunsa. Matarsa tana da cikin wata takwas.

Da yamma matarka Hajiya Nabawiyya ta aiko a kira ni. Ta bayan labule ta miƙo mini mabuɗin rumfarka.

"Ramzi bai samu izinin barin aiki a Kuwait ba. Mai gidan ya ce min in wani abu ya faru, kai za a ba."

Na ce, "Hajiya, ban amsa masa ba fa."

"Ya faɗa min. Ya ce haka kake, sai ka rubuta abu sau uku kafin ka yi shi."

Yau da safe na buɗe rumfar na gwada. Na jera kofi goma sha biyu da ruwan sanyi, na ɗauki farantin daga rumfa zuwa ƙofar ƙarfe, taku arba'in da ɗaya. Ba mutum ko ɗaya a wurin. Na fasa biyu. Saura ɗari biyu da goma sha biyu, Baffa, ka yafe mini.

Daga nan na wuce shagon Subhi. Sau biyu ina wucewa ta gabansa kafin in shiga. Yana saran ƙashi, bai ɗago ba.

"Ustaz mai littafi. Hanta ko tsoka?"

Na ce ba nama na zo saye ba. Na ce jibi ni zan yi shayin, hannuna kuma ba ya tsayawa, ina neman mai ƙarfi ya ɗaukar min faranti. Na shirya dogon bayani a kan lada da haƙƙin mamaci, don kada ya gane dabarar. Sai ya kafa wuƙar a jikin katako.

"Kai Ustaz, jaki ka ɗauke ni? Kana zaton ban san abin da tsohon nan yake yi ba? Tun ranar farko na sani. Duk shekara ina tsaye a ƙofar nan kaina na wuta, ina cewa a raina, Allah Ka kawo kofin nan kafin in yi abin da zai kai ni kurkuku." Ya goge fuska da bayan hannu. "Shekarar da bai zo ba ka ga abin da ya faru."

Ban tambaye shi abin da yake nufi ba, kuma ba zan rubuta fiye da abin da ya faɗa ba.

Na ce, "To farantin fa?"

"In muka ci fa?"

"Ko mun ci za a sha."

Ya zare wuƙarsa ya koma kan ƙashin. Har na kai bakin ƙofa sannan ya ce, "Cokali uku nawa. Kar ka yi min irin tsinkakken ruwan nan naku na ma'aikata."

Bai ce zai ɗauka ba. Na juya maganar ta kowace fuska, bai ce ba. Kuma ko ya ɗauka, Subhi mutum ɗaya ne. Samarin da suka yi dariya jiya ba su san ni ba, ba na jin suna kunyar furfurar da ban gama yi ba. Na yi tunanin kada in fitar da wannan takarda kafin Juma'a, don kada in tona asirin aikinka. Amma idan Subhi ya sani, to wataƙila duk garin ya sani, ni kaɗai ne na ɗauka sirri ne don na gano shi a littafi. Saboda haka ga shi na faɗa. Duk wanda ya taɓa karɓar kofi daga hannun Baffa Shihata a bakin ƙofar nan, ya san abin da ya ajiye kafin ya karɓa.

Ya Allah, bawanka Shihata ya zo gare Ka. Ka gafarta masa, Ka yi masa rahama, Ka yalwata kabarinsa Ka haskaka shi. Ya shayar da mu a ranakun da ba mu cancanci a shayar da mu ba, Ka shayar da shi daga tafkin Annabinka, tsira da aminci su tabbata a gare shi, shan da babu ƙishi bayansa. Ka sanya kowane dutsen da ya faɗi ƙasa saboda shi ya zama nauyi a mizaninsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Nabawiyya, da Ramzi da ke kuka shi kaɗai a ƙasar mutane, da 'yar Baffa, Iffat, da 'ya'yanta, da Atif, wanda Juma'ar nan ba za a ƙwanƙwasa masa ƙofa ba. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya sa mu cika da imani idan tamu ta zo.

Baffa, ka tambaye ni ranar Lahadi na ce zan yi tunani. Na yi. Ina jin tsoro, kuma ba na jin zai bar ni kafin jibi. Amma shafin Juma'a a littafina zai tsaya a minti na saba'in. Sauran wasan, sai dai in ji daga bakin wanda na fara miƙa wa kofi.