Badaru da Bindigar da Ke Karkata Hagu

Badaru maƙeri ne daga Illela. Umra ta kawo shi Jidda a 1981, bai koma ba. Ya samu aikin walda a wata warsha, wato shagon aikin ƙarfe, a unguwar Ruwais, amma ba ya iya zama wuri ɗaya. Ko shayi a tsaye yake sha.

Mai warshar, Abdulghaffar, haifaffen Jidda ne, jikan alhazan Kano. Yana da tsohuwar bindigar soja da ya gada wurin mahaifinsa, da takardar izininta, sai dai harsashinta ya ɓace a kasuwa. Wata rana Badaru ya ga kwanson harsasan cikin gwangwani, ya juya ɗaya a tafin hannu.

"Maigida, waɗannan ai za su sake cikuwa."

"Ka iya?"

"Da bindigar toka na tashi."

Daga nan hankalinsa bai sake kwanciya ba. Ya narka dalma, ya aro ma'aunin zinariya don auna albarushi. Duk Juma'a bayan la'asar sukan fita sahara ta hanyar Usfan, su kafa murfin durom. Abdulghaffar ne ke harbi, don Badaru ba shi da iƙama, wato takardar izinin zama, ba ya yarda ya taɓa kunamar bindigar. Kullum harsashi sai ya karkata hagu. Badaru ya ruga ya duba ramin, ya dawo yana ƙunƙuni, ya rage albarushi, ya ƙara, ya sake zubin dalma. Matarsa Indo takan ce, "Malam, tuwon nan fa ya huce," yana can yana goge kwanso.

Shekaru suka tafi a haka. Ranar da Abdulghaffar ya gaji, sai ya miƙa masa bindigar.

"Yalla, gwada. Babu kowa nan sai Allah."

Badaru ya waiga ko'ina, ya durƙusa, ya harba. Tsakiyar murfin ya huda. Ya sake, nan ɗin dai.

"Ashe idona ne," in ji Abdulghaffar. Daga baya likita ya tabbatar yanar ido ce ta rufe masa idon dama.

Badaru bai yi murna ba. A mota sai tambaya yake, da an matsar da murfin nesa fa?

Ba a samu matsarwa ba. Abdulghaffar ya rasu a 2004, 'ya'yansa suka miƙa bindigar ga hukuma, suka sayar da warshar. Badaru ya koma yawon gyaran risho da injin ɗinki, daga unguwar Bagdadiyya zuwa ta Safa, a ƙafa. Indo ta ce ya kama shago ya huta, ya ce mata zai duba.