Matajin Kande Yana Ɗakina

Kande mai kitso maƙwabciyata ce a garin Ƙofa, katanga ɗaya ta raba mu. Tun ina amarya nake jiyo ta tana cewa "Sunkuya!", har maigidana Malam ya rasu, Allah ya jiƙansa, muryar tana nan yadda take. Wajen kakarta ta koya, a kan gemun masara ta fara. Alfaharinta guda ne: kitsonta ba ya warwarewa. In ta yi miki shuku, kwana uku girarki tana sama kamar mai mamaki, amma zai kai ki wata biyu.

'Yan shekarun nan sai 'yammata suka koma hawa mota zuwa shagunan gyaran gashi na Kwanar Dangora. Ni dai na lura tabarmar Kande ta daina cika, sai mu tsofaffi.

Ana haka Ramla, 'yar ƙaninta, ta zo hutu daga makaranta a Kano, da gashinta yadda Allah ya yi shi, ba ta taɓa sa masa man miƙarwa ba. Ƙawarta za ta yi aure, ranar Lahadi wunin mata. Ranar Alhamis ta zo da hoto a waya, ina zaune a gidan Kande ina tsince shinkafa.

"Gwaggo, irin wannan nake so. Ki tsaga ƙanana, ki murɗe sili biyu-biyu da ɗan danshi da man kaɗanya. Ya kwana ya bushe, da safe a warware."

"A warware me?"

"Murɗin mana."

"Aikin nawa? Kwana ɗaya? Ke Ramla, har ɓarna ake koya muku a makarantar?"

"Warwarewar ita ce adon, Gwaggo. Sai lanƙwasar ta fito ɗaya-ɗaya."

Kande ta kai wayar kusa da hanci. "Wannan ai tsifa aka fara mata, sai aka ce akuya ta shiga rumbu."

Ramla ta ɗauki mayafi. "Shi ke nan. Ni da ƙawayena biyar, Asabar ma tafi Kwanar Dangora."

"Zauna," in ji Kande.

Ta murɗe kan tsaf, tana yi tana tsaki. Juma'a da hantsi ta shafa mai a yatsu ta warware a hankali, kuma wallahi ya yi kyau, kowane sili da lanƙwasarsa, yana sheƙi. Ramla ta sunkuya ɗaukar madubi. To shekara arba'in hannun Kande ya san abu ɗaya: in an gama tsifa, sai taza. Kafin in buɗe baki ta zuba mataji daga goshi har ƙeya, sau uku. Gashi ya tashi buzu-buzu kamar audugar da aka saɓe.

"Wayyo Gwaggo, kin kashe ni!"

"Ni da na gyara miki? Wa ya taɓa tsifa bai taje ba?"

Ramla ta ɗaura ɗankwali, ya ƙi zama, ta fita a haka.

Bayan la'asar sai ga Kande a ɗakina, idonta ya yi ja. "Barakatu, ara mini kanki."

Na ce furfura ce fa, kuma wa zai gani? Ta ce ita. Na sunkuya. Da ta gama ta ce kar ruwa ya taɓa, na ce salla fa? Muka shirya a kan shafar kai a hankali, kamar mai taɓa ƙwai.

Asabar da sassafe ta zo. Kafin ta taɓa ni ta miƙo mini matajin. "Riƙe. Ko na haɗa ki da Allah kar ki ba ni." Na sa shi ƙarƙashin cinya. Sau biyu ina jin hannunta yana lalube a tabarma, sau biyu ina gyaran murya.

Ta je da kanta ta taro Ramla a bakin titi. Na zame ɗankwali. Rabon da wani ya tsaya kallon kaina tun kafin takaba. Ramla ta zagaya ni, ta sake zagayawa, ta riƙe baki.

"Inna Barakatu, ko ke ce amaryar?"

Na ce ta kiyaye ni. Ta danna waya ta kira ƙawayenta, ta ce su sauko daga motar. Kai shida Kande ta murɗe ran nan, Lahadi da safe ta warware su ina gefe, zaune a kan mataji.

Yanzu har daga Ɗansoshiya 'yammata ke zuwa, tabarma biyu take shimfiɗawa. Har yau ba ta yarda kitso ne ba, "tsifar gayu" take ce masa. Matajin yana kan tagata, kusa da carbi. In za ta yi kitson gaske sai ta leƙo ta katanga ta ara, ni kuwa sai na tambayi kan wa za a taje kafin in miƙa.