Malam Jalo da Madacin Ƙofar Masallaci

Ban saba rubuta abin da jama'a za su karanta ba, don haka in na yi tuntuɓe a yi mini afuwa. Maganar ce ta tsaya mini a maƙogwaro.

Kullum da an idar da sallar asuba, Malam Jalo yakan ɗaure igiya da zarto da adda a bayan kekensa, ya bi unguwannin Azare kansa a ɗage. Mutane na kallon hanya, shi yana kallon rassa. Gyaran bishiya ne sana'arsa tun da ya baro garin Yana yana saurayi. Ya tsani a ce masa mai saran itace.

Abbas mai shayi har yau yana ba da labarin reshen darbejiyar da ya rankwafo kan teburinsa. Ya ce Malam Jalo ya fara ɗan yanka reshen ta ƙasa, sannan ya koma ta sama, don kada nauyinsa ya yage ɓawon uwar idan ya faɗo. Bai bar dungu ba, wai dungu ƙofar gara ce. Bai kuma yanka ya shafe da jikin bishiyar ba, ya bar mata ɗan kumburin nan na gindin reshe, ta nan take warkewa. Ko kofi ɗaya bai fashe ba.

Maƙwabciyarmu Hajiya Larai ta taɓa kiransa, ina tsakar gidanta.

“Malam Jalo, mangwaro nake so nan jikin katanga.”

“Hajiya, katangar ce ta ishe ki, ko faɗa kuka yi da maƙwabcin?”

“Kai dai ba ka rabo da tsiya. To me zan dasa?”

“Gidan da ko akuya za ta juya sai ta nemi izini? Dasa lemun tsami da gwaiba, ki jera zogale can baya. Ki nisanta su da rijiya da masai. Mangwaro da darbejiya sai mai fili, saiwarsu ba ta san iyaka ba.”

Lemun nan har mu muna sha.

Amma abin da ya fi ƙauna shi ne madacin ƙofar masallacinmu. Shi ya dasa shi shekarar da ya zo, ya yi masa shinge da ƙaya, ya raine shi da ruwan alwala. A inuwarsa ake ɗaurin aure, a nan ake zaman makoki. Kowa ya san ana jiƙa sassaƙen madaci don ciwon ciki, Malam Jalo kuwa bai taɓa hana kowa ɗiba ba. Roƙonsa ɗaya ne: a sassaƙa a tsaye, ta gefe ɗaya, kada ya wuce faɗin tafin hannu, a shafe gurbin da laka, kada a koma wurin sai ya rufe.

“Bishiya ta ɓawo take ci,” haka yake cewa. “Ranar da kuka zagaye ta, kun shaƙe ta.”

Ya faɗa har bakinsa ya gaji. Ana cewa to, Malam.

Daminar bara waccan ciwo ya kwantar da shi. Aka yi asibiti, aka dawo gida. Unguwa ta tashi da tausayi. Wannan ya shigo da kwanon jiƙo, wancan ya aiko da ƙullin sassaƙe, matarsa Inna Kaltum tana karɓa tana sa albarka. Ba wanda ya ce mata daga ina.

Ranar da ya fara fitowa da sanda, aka yi ta barka da arziki. Shi kuwa sai ya wuce gindin madacin. Ya ɗora hannu, ya zagaya a hankali har ya dawo inda ya fara. Farin itace ne tsirara, kamar an ɗaura wa bishiyar ɗamara.

“Wa ya yi wannan?”

Abbas ya ce, “Wallahi Malam, ni ɗan kaɗan na ɗiba.”

Kowa ɗan kaɗan ya ɗiba. Kowa ya zo ya ga gurbin wani, ya ƙara nasa a gefe saboda ya fi sauƙin ɓamɓarewa.

“Ai don kai muka yi,” in ji Hajiya Larai. “Kuma ga ganyenta shar, me ya same ta?”

“Hajiya, ba ta sani ba ne tukuna.”

Ya kwaɓa laka da kashin shanu ya shafe, ya naɗe da buhu, alhali ya san aikin banza ne. Wata damina ta zo, duk bishiyoyin gari suka yi toho, ban da ita.

Malam Jalo, kai ne ka hau bishiyoyin rabin garin nan don kada reshe ya faɗa kan ɗan kowa. Kai ne ka koya mana yadda ake ɗiba ba a kashe ba, muka ji kamar ba mu ji ba. Na Kaltum, mai zarto, mun so ka, amma ba mu saurare ka ba, kuma ban san amfanin irin wannan son ba.

Yanzu ƙafarsa ba ta hawa. Da busassun rassan suka fara barazana ga masallata, masu injin yanka aka kira. Yana zaune a benci yana nuna musu da sanda inda za su fara da inda za ta faɗi, don kada ta taɓa katangar Hajiya Larai. Ba ta taɓa ba. Da aka gama ya tashi ya shiga gida, bai jira an raba itacen ba.

Malam Jalo, mun gode. Allah Ya ƙara lafiya, Ya saka maka da inuwar da ba ta bushewa.

Ku kuma da kuka karanta, kafin ku dasa bishiya ku dubi girman gidanku, kafin ku ɗora mata wuƙa ku tambayi wanda ya sani. A zauren Malam Jalo akwai 'yan tsiron madaci a ledoji, daga 'ya'yan waccan ya tsirar da su. Kyauta yake bayarwa. Ya ce duk mai so ya zo, amma sai ya zauna ya ji bayani tukuna. Jiya na leƙa, suna nan cif yadda ya jera su, yana zaune a gefe yana ba su ruwa da buta.