Telan da Ya Koyi Tada Agogo

Tela, Allah ya jiƙansa, ya haura hamsin kafin son agogo ya kama shi. Zare ya je saye, ya dawo da leda cike da matattun agogunan hannu na gwanjo.

"Maigida, ina zaren?" in ji matarsa.

"Zare ba ya gudu. Saurari wannan!"

Ya girgiza ɗaya, ya kara mata a kunne. Agogon ya buga sau uku ya mutu. Shi kuwa baki har kunne.

Akwai abin da yake hari. Matar tana da ɗan agogo irin wanda ake wanawa da hannu, na marigayiya mahaifiyarta, shekara goma sha ɗaya yana kwance a akwati. Ya roƙa ta ba shi ya gyara.

"Na Inna? Sai ka tada goma daga na bolar nan tukuna."

Ya share gefen teburin yanka, ya shimfiɗa farin ƙyalle. Shida ya ƙarasa kashewa kafin ɗaya ya tashi. Ranar, duk wanda ya zo awo sai da aka kara masa agogon nan a kunne. Mu abokansa muka sa masa suna Likita, yana amsawa da ƙarfi.

Da na goma ya tashi, ta kawo na Inna da hannu biyu. Kwana uku yana kansa. Ya wanke, ya ɗiga mai, ya rufe, agogo ya kama bugawa. Amma gudu yake kamar an biyo shi, kafin azahar ya isa la'asar. Matar ta duba, ta mayar akwati. Abin nan ya hana Tela cin abinci.

Washegari ya ɗauko shi ya kai wa wani tsoho mai gyaran agogo, ya ba shi labarin goman da ya tada. Tsohon ya buɗe agogon ya tambaye shi:

"Da me kake tsince ƙananan kusoshin in sun zube?"

Tela ya zaro maganaɗisun da yake kwashe allurai da shi, har da ɗan alfahari.

Tsoho ya yi dariya har gilashin idonsa ya faɗo. "Kai, ɗan'uwa, agogo ba riga ba ne! Waɗancan masu batir ne, sun yafe maka. Wannan akwai siririyar waya ciki kamar gashi, maganaɗisun nan naka ya sa ta manne da kanta."

Ya ɗora shi kan wata 'yar na'ura mai gurnani da ke cire maganaɗisu, ya janye a hankali. Shi ke nan.

Tela bai yarda ba sai da ya zauna awa biyu a bencin tsohon, yana gwada shi da agogon bango. Daidai! Ya taho gida da sauri, yana ƙwala mata kira tun daga ƙofa.

Ta kara a kunne, ta daɗe. Sannan ta miƙo hannu.

"Ɗaura min, Likita."

Yatsun da ke zura zare a allura ba kallo, ranar sun kasa ɗaura agogon, sai da ta taya shi.